Tara Rajistar Na'urori Wuri Guda: Tambayoyi da Amsoshi

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abin da masu kula da kwamfutoci ke yawan kawowa a nan Maradi: ma'aikatan gidajen kasuwanci masu rassa a Tasawa ko Dakoro, na makarantu da asibitoci masu zaman kansu, da samarin da ke sayar da intanet ta Wi-Fi a unguwanni. Misalan umarni na Linux ne, musamman Debian da Ubuntu, domin su aka fi samu a hannu.

Mece ce rajistar na'ura, kuma a ina take zama?

Kusan kowace na'ura mai aiki a rezo tana rubuta abin da ya same ta layi bayan layi: wane ne ya shiga, wane ne ya gwada shiga aka hana shi, wane shiri ya tsaya, ƙarfe nawa faifai ya fara kuka. Wannan rubutu shi ne masu sana'ar ke kira log, mu kuma a nan za mu kira shi rajista. A Linux yawancinta tana cikin `/var/log`. A Debian da Ubuntu shige da fice yana cikin `auth.log`, a dangin Red Hat kuma cikin `secure`. Sababbin tsare-tsare suna da kundin systemd, wanda ake karantawa da umarnin `journalctl`. Windows tana da nata kundi, da ake buɗewa ta Event Viewer.

Tun da kowace na'ura tana da tata rajista, mene ne amfanin tara su?

Alhajin da ke da shaguna uku a kasuwa ba ya barin littafin ciniki ya kwana a hannun yaron shago, ko da ya yarda da shi, domin ranar da lissafi ya ƙi fita ba ya son littafin ya zama yana hannun wanda ake tuhuma. Haka lamarin yake a nan. Wanda ya kutsa cikin kwamfuta ya samu ikon mai gida, wato asusun da ke da cikakken iko a kan na'urar, abin da zai fara yi shi ne share sawunsa daga rajista. Idan kuwa layukan sun riga sun tafi wata na'ura a daƙiƙar da aka rubuta su, sharewar ba ta amfane shi da komai ba. Faifan da ya mutu ma yana tafiya ne da labarin mutuwarsa, sai fa in an riga an aika da labarin waje.

Amfani na biyu shi ne haɗa labari. Matsala ɗaya takan bar sawu a na'ura uku ko huɗu, rauta ta ga abu kaza, kwamfutar lissafi ta ga wani, kuma sai an jera su bisa lokaci ake gane wanne ya jawo wanne. Wannan ba ya yiwuwa sai agoguna sun yi daidai, kamar yadda za a yi bayani a tambayar agogo a gaba.

Wace irin na'ura ce ta isa ta zama uwar garke, wato wadda za ta tara rajistar sauran?

Ga ofis mai na'urori goma zuwa talatin, tsohuwar kwamfutar tebur mai lafiyayyen faifai ta isa, domin karɓar layukan rubutu da adana su ba aiki ne mai nauyi ba. Abin da ya fi ƙarfin inji muhimmanci shi ne kada ta riƙa mutuwa. A sa mata akwatin batir mai riƙe wuta, wato UPS, a haɗa rauta da suwic a kan batirin ɗaya, domin uwar garken da ke raye alhali hanyar zuwa gare ta ta mutu ba ta karɓar komai. A ba ta adireshin IP tsayayye. A kuma duba inda za a ajiye ta: zafin Afrilu da Mayu a Maradi yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka a hankali, don haka ɗakin ajiya marar iska ba wurinta ba ne.

Wasu kan so Raspberry Pi saboda ba ta cin wuta. Tana iya aikin, amma kada a rubuta rajista a kan katin SD, domin yawan rubutu yana kashe shi da wuri. A haɗa mata faifan SSD ta USB. Kuma ire-irenta kafin ta 5 ba su da agogo mai batir, abin da ke da nasa sharri.

Mene ne syslog, kuma wane shiri ya kamata a ɗora?

Syslog shi ne yaren da na'urori ke aika rajista da shi. Eric Allman ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980 don shirin aika wasiƙu na Sendmail, ya bazu ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba, sai a 2001 aka bayyana yadda ake amfani da shi a takardar RFC 3164, sannan a 2009 aka fitar da sabon tsari a RFC 5424. Tsufansa shi ne ƙarfinsa, domin da wuya a samu rauta, suwic ko firinta ta ofis da ba ta jinsa.

Shirye-shirye biyu ne suka yi fice: syslog-ng, wanda Balázs Scheidler ya fara a 1998, da rsyslog na Rainer Gerhards, wanda ya fara a 2004. Duka biyun kyauta ne kuma suna aikin da ake bukata. Shawararmu ita ce rsyslog, ba don ya fi ɗayan ba, sai don shi ne ke zuwa da yawancin tsare-tsaren Linux, saboda haka duk wanda ya gaje ku a aikin zai same shi sananne. A lura cewa Debian 12, wadda ta fito a 2023, ba ta ɗora shi da kanta. Sai an girka shi da `apt install rsyslog`.

A aikace, yaya ake haɗawa?

A uwar garke ana ƙirƙirar fayil a `/etc/rsyslog.d/`, a ɗora sashen `imtcp` don karɓa ta TCP da `imudp` don karɓa ta UDP, a ce su saurara a ƙofa, wato port, mai lamba 514. Sannan a rubuta samfurin suna wanda zai raba saƙonni bisa na'urar da ta aiko, misali `/var/log/rassa/%HOSTNAME%/%PROGRAMNAME%.log`, don kowace na'ura ta samu jakarta, kowane shiri ya samu fayil ɗinsa. Yana da kyau a ɗaure saƙonnin waje ga nasu jerin dokoki dabam, in ba haka ba za su gauraya da rajistar uwar garken kanta, har a rasa gane wa ya ce me.

A kowace na'ura mai aikawa, layi ɗaya ya isa a fara: `*.* @@192.168.1.10:514`, inda lambar ta zama adireshin taku uwar garke. Alamar @ ɗaya tana nufin UDP, biyu kuma TCP, kuma wannan ɗan bambanci ya ɓata wa mutane da yawa yini guda. Kafin a sake tayar da shirin a gwada rubutun da `rsyslogd -N1`, sannan a aika saƙon gwaji da `logger "gwaji daga ofis"` a je a neme shi a can. Wannan layi ɗaya na farawa ne kawai; kafin a dogara da shi sai an ƙara masa rumbun jira da za a bayyana a tambayar yankewar rezo a gaba.

UDP, TCP ko RELP: wanne za mu zaɓa?

UDP kamar mai shela ne, ya faɗa ya wuce, bai damu ko an ji ba. Idan hanya ta cushe ko uwar garke tana tashi, saƙon ya tafi ke nan, kuma babu wanda zai sani. TCP yana lura da yankewar hanya, don haka mai aikawa zai iya tsayawa ya jira; amma shi ma yana iya asarar ƴan layukan da suka riga suka bar hannun shirin a daidai lokacin da hanya ta tsinke, domin uwar garke ba ta mayar da shaidar cewa ta rubuta su. RELP, wanda masu rsyslog suka tsara, shi ne ya toshe wannan ɓaraka: sai mai karɓa ya amsa cewa saƙo ya iso ake cire shi daga jira. Ana girka shi da `rsyslog-relp`, kuma an fi ba shi ƙofa ta 2514.

Ƙa'idar da muke bi ita ce: tsakanin Linux da Linux a yi RELP, ko aƙalla TCP, UDP kuma a bar shi ga na'urorin da ba su iya wani abu ba, muddin suna cikin gini ɗaya da uwar garke.

Idan rezo ya yanke ko wuta ta ɗauke, me ke samun saƙonnin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dukkan sauran nauyi a wurinmu, domin yawancin bayanan da ake samu a intanet an rubuta su ne a inda wuta da rezo ba su yankewa. Idan ba a yi tanadi ba, saƙonnin da aka rubuta lokacin da hanya ta mutu suna iya salwanta, alhali su ne aka fi bukata, tun da a lokacin ne matsala ke faruwa. Maganin shi ne rumbun jira a kan faifan na'ura mai aikawa. A rsyslog ana ba dokar aikawa waɗannan: `queue.type="LinkedList"`, `queue.filename` da wani suna, `queue.maxDiskSpace="1g"` don kada rumbun ya cinye faifai, `queue.saveOnShutdown="on"` don a adana abin da ke jira idan an kashe na'ura, da `action.resumeRetryCount="-1"` don ya yi ta gwadawa ba gajiya. Da hanya ta dawo, sai ya kwashe abin da ya tara ya aika.

Akwai iyaka guda da ya kamata a sani. Adanawa lokacin kashewa tana aiki ne idan an kashe na'urar ta hanyar da ta dace. Idan wuta ce ta ɗauke farat ɗaya, abin da ke cikin ƙwaƙwalwa, wato RAM, bai kai faifai ba ya tafi. Ga na'urar da rajistarta ke da tsada, kamar ta lissafin kuɗi, ko dai a sa `queue.type="Disk"`, wanda ya fi jinkiri amma ya fi aminci, ko a haɗa ta da UPS mai iya umartar ta ta kashe kanta kafin batir ya ƙare. Rumbun jira kuma ba ya taimakon UDP, domin UDP bai ma san hanya ta mutu ba.

Kada a yarda da tanadin sai an gwada shi. A zare wayar rezo daga na'ura mai aikawa, a aika saƙo goma da `logger` masu lamba ɗaya zuwa goma, a jira minti biyar, a mayar da waya, a je a ƙirga.

Me ya sa ake ta maganar agogo?

Saboda rajistar da lokacinta ya karkace ta fi rashin rajista ruɗarwa. Mun taɓa bin wata matsala a wani gidan kasuwanci inda hanyar reshe ke yankewa kusan kullum da rana. Da muka buɗe jakar rautar reshen, sai ga layuka masu kwanan watan Janairun 1970, a tsakiyar layukan wannan mako. Rautar ba ta da agogo mai batir; duk lokacin da ta mutu ta tashi, sai ta koma farkon ƙirgen lokaci na Unix har ta samu wanda zai gaya mata ƙarfe nawa. Wannan ne ma ya tona asirin, domin ya nuna ba rezo ne ke yankewa ba, rautar ce ke mutuwa, kuma da aka je aka taɓa cajarta sai aka ji ta kamar an ciro ta daga murhu. Amma da a ce bincike ne na wanda ya shiga wata kwamfuta da ƙarfe nawa, waɗannan layuka da ba su yi amfanin komai ba.

A sa kowace na'ura ta riƙa daidaita agogonta ta NTP, wanda ke bi ta ƙofar UDP mai lamba 123. Dabara mai kyau ita ce a ɗora `chrony` a uwar garken kanta ta zama agogon gida, yadda ko intanet ya yanke duk na'urori za su ci gaba da bin lokaci ɗaya. Sannan tsohon tsarin RFC 3164 ba ya rubuta shekara ko yankin lokaci. Sabon tsarin yana rubuta duka biyun, kuma a rsyslog ana samunsa da samfurin `RSYSLOG_SyslogProtocol23Format`. Nijar tana gaba da UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da awa ɗaya duk shekara, daidai da Najeriya, amma na'urar da aka saya aka bari a kan saitin masana'anta takan zauna a UTC, sai a ga tazarar awa guda ana ta neman dalili.

Kwamfutocin Windows da rautoci fa?

Windows ba ta jin syslog da kanta. Ko dai a ɗora mata ɗan aike irin NXLog, wanda zai karanta kundinta ya aika wa uwar garke, ko kuma, inda kwamfutocin ke ƙarƙashin Active Directory, a yi amfani da Windows Event Forwarding a tara su a Windows ɗaya, daga nan a tura gaba. Lambobi biyu sun cancanci a haddace: 4624 shiga ce da ta yi nasara, 4625 kuma wadda aka hana.

Rautar MikroTik, wadda masu sayar da Wi-Fi suka fi riƙewa, tana ajiye rajistarta a ƙwaƙwalwa, layi 1000 a saitin asali, kuma da ta mutu ta tashi komai ya goge. A sashen System, Logging ana ƙara aiki mai nau'in `remote`, a sa adireshin uwar garke, sannan a zaɓi batutuwan da za a aika.

Mu aika komai da komai, ko mu tace?

Kowane saƙon syslog yana ɗauke da matakin tsanani daga 0 zuwa 7: 0 shi ne na'ura ta durƙushe, 3 kuskure, 4 gargaɗi, 6 labari kawai, 7 kuma surutun da masu gyaran shiri ke bukata. A fara da aika komai daga 6 zuwa 0, a bar 7. Kada a yi rowa a ce kurakurai kaɗai za a aika, domin shigar da ta yi nasara a matakin labari take, kuma ita ce ake nema ranar da aka ce wani ya shiga da dare. Bayan mako biyu a duba wane shiri ne ya fi cika faifai da maganar banza, a tace shi shi kaɗai.

Faifai mai girman nawa ake bukata, kuma har yaushe za a ajiye?

Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauka layi ɗaya ya kai bayit 200; idan na'ura 20 kowace tana aika layi 50,000 a yini, an samu layi miliyan ɗaya, wato megabayit 200 a yini, gigabayit 6 a wata. Rubutu irin wannan yana matsuwa ƙwarai, don haka idan `logrotate` yana juya fayiloli kullum yana matse tsofaffi, shekara guda ba za ta cika ko ƙaramin faifai ba. Wannan misali ne. A auna naku na mako ɗaya a ninka. A ware wa rajista nata ɓangaren faifai, don ranar da wata na'ura ta haukace da surutu kada ta shaƙe uwar garken gaba ɗaya.

Tsawon ajiya ya danganta da aikinku. Ƙa'idar PCI DSS ta masu hulɗa da katin banki tana neman shekara ɗaya, wata uku na ƙarshe kuma a kusa da hannu, kuma ma'auni ne mai kyau ko ga wanda ba ta shafa ba, domin kutse yakan daɗe kafin a gano shi. Sai dai rajista tana ɗauke da sunayen masu shiga da adiresoshinsu, wato bayanan mutane ne. Nijar tana da dokar kare irin waɗannan bayanai tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, saboda haka a taƙaita masu iya karantawa, kuma abin da wa'adinsa ya cika a goge shi.

Rassanmu suna wasu garuruwa. Za mu iya aikawa ta intanet?

Ana iyawa, amma ba a fili ba. Syslog na asali rubutu ne tsirara da duk wanda ke kan hanya zai iya karantawa, kuma ƙofa ta 514 da aka buɗe wa duniya gayyata ce ga kowa ya cika muku faifai ko ya cusa layukan ƙarya. Hanya biyu ce: ko a lulluɓe saƙonnin da TLS a ƙofa ta 6514, kamar yadda RFC 5425 ta tsara, da taimakon `rsyslog-gnutls` da takardun shaida a ɓangarorin biyu, ko a haƙa ramin VPN, misali da WireGuard, tsakanin reshe da hedikwata, rajista ta bi ta ciki. Ga ƙaramin ofis ta biyu ta fi sauƙin riƙewa, domin takardar shaida tana da wa'adi, kuma ranar da ta ƙare aikawa na tsayawa shiru.

Idan reshe yana da na'urori da yawa, a naɗa ɗaya ta zama mai tarawa a can, ta karɓi na kowa har da masu UDP, ita kaɗai ta riƙa aikowa da RELP da rumbun jira. A kuma ba kowace na'ura suna na kanta, irin `tasawa-kasu` ko `dakoro-rauta`, domin na'urorin da ke bayan rauta ɗaya da adireshi ɗaya suke fitowa, kuma uku masu suna `ubuntu` a jaka ɗaya za su zube.

Mun haɗa komai amma babu abin da ke isowa. Daga ina za mu fara?

A bi hanyar saƙo daga ƙarshe zuwa farko. A uwar garke, `ss -tulpn` zai nuna ko rsyslog yana sauraro a ƙofar da ake zato. Sai `tcpdump -n port 514`: idan ba a ga komai ba, matsalar tana wajen mai aikawa ko a hanya; idan ana ganin saƙo yana isowa amma fayil bai samu ba, to katangar tsaro ce, wato `ufw` ko `firewalld`, ko kuma izinin rubutu. A Ubuntu rsyslog yana aiki ne da sunan `syslog`, don haka jakar da mai gida ya ƙirƙira da hannunsa bai ba shi ita ba, ba zai iya rubutu a ciki ba. A dangin Red Hat kuma tsarin tsaro na SELinux yana hana ƙofofin da bai sani ba. In duk waɗannan lafiya, a koma a ƙirga alamar @.

Muna bukatar Graylog ko Elasticsearch?

Ba a ranar farko ba. Graylog, Elasticsearch da Kibana, OpenSearch, Loki na Grafana da Wazuh duk suna ba da allon bincike da zane-zane da ƙararrawa, kuma suna da amfani idan na'urori sun yi yawa ko masu dubawa ba su saba da rubuta umarni ba. Amma masu dogaro da Elasticsearch ko OpenSearch suna cin ƙwaƙwalwa gigabayit da yawa, kuma ba su son a ɗauke musu wuta ba sallama. Ga na'ura ashirin, `grep` da `zgrep` a kan fayilolin da aka tsara da kyau suna amsa yawancin tambayoyi. Idan lokacin ya zo, a bar rsyslog a gaba yana rubuta fayilolinsa, ya tura kwafi ga sabon shirin, yadda ko allon ya lalace asalin rubutun yana nan.

Ta yaya za mu san wata na'ura ta daina aikowa?

Uwar garke ba ta kuka idan an daina yi mata magana, kuma shiru yana kama da lafiya. Mun taɓa zuwa neman rajistar wani reshe muka tarar layin ƙarshe na mako uku da suka wuce ne, ranar da aka sake girka kwamfutar aka manta da layin aikawa. Tun daga nan muke sa kowace na'ura ta aika layin "ina nan" da `logger` ta hanyar `cron`, shirin da ke tayar da aiki a kan lokaci, duk awa ɗaya, uwar garke kuma ta duba da `find` da zaɓin `-mmin` wace jaka ce ba a taɓa ko ɗaya daga fayilolinta ba cikin awa uku, ta aika sunanta ga mai kula. A haɗa da gargaɗi idan faifai ya kai kashi 80 cikin ɗari, a riƙa kwafe matsattsun fayiloli zuwa wani faifai da ke wani ɗaki duk mako, kuma a sa sunan mutum ɗaya da zai buɗe rajistar shige da fice kowace safiyar Litinin ya duba shigar dare da waɗanda aka hana.